Saƙon da Ban Tura wa Haruna Ba

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Garwa sun riga sun san abin da na aikata, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare su da komai ba. Na rubuta wannan ne saboda ku matasa masu saurin hannu a waya, ku da iyaye ke miƙa wa wayoyinsu suna cewa, "Duba mini nan."

Ni ɗan gidan mutunci ne. Mahaifina tela ne mai tsoron haƙƙin mutane, ko ƙyalle ne ya rage a ɗinki sai ya naɗe shi ya mayar wa mai shi. Ya sa ni makarantar allo, ya sa ni boko har na kai lise, wato sakandare, can na watsar. Kaina bai ɗauki darasi ba, amma in waya ta shiga hannuna sai ta yi abin da mai ita bai san ta iya ba. Da haka na samu tebur da laima a bakin babbar kasuwa.

Gyara ban iya ba. In gilashin wayarka ya fashe, rumfar gaba zan nuna maka. Ni aikina kwalliya ne. In sauya wa waya fuska da launi, in ƙara girman rubutu, in sa mata manhajoji na ƙari: mai kiran salla, mai haruffan Hausa da Fillanci, mai ɓoye hira, mai nuna saƙon da aka goge. 'Yan mata na son furanni su riƙa zuba a fuskar waya. Masu moto, wato 'yan acaɓa, kuwa kukan zaki suke so in an kira su, ko da wayar da kyauro aka ɗaure ta.

Abin da ya yi mini suna shi ne wayar tsofaffi. Yawancinsu ba sa karanta Faransanci, wayar kuma da shi take magana. Sai in share duk tarkacen da ke fuskarta, in jera manyan hotunan 'ya'yansu da 'yan'uwansu. Tsoho ya danna fuskar wanda yake so, ya yi magana, ya saki, saƙon murya ya tafi. Aiki ne mai kyau, kuma na sha albarka a kansa. Har yau in na tuna cewa da shi na ɓata, sai raina ya yi baƙi.

A wannan sana'a mutum zai ba ka wayarsa a buɗe, ya faɗa maka lambar sirrinta, ya ce zai shiga cefane ya dawo. Na fara da leƙen hotuna, ina ce wa kaina ai kallo kawai ne. Daga nan na shiga sauraron saƙonnin mutane don nishaɗi. Sai na fara tsakurar ɗan kuɗin kira daga layinsu zuwa nawa, kaɗan yadda ba za a lura ba. Ba wanda ya lura ɗin. Rashin kamun nan shi ya cuce ni, don daga ranar na daina ganin masu zuwa teburina a matsayin mutane, sai dai wayoyi masu ƙafa.

A cikin haka Hajja Ladi ta zo. Tsohuwa ce daga unguwarmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, idonta ya fara rauni. Ɗa ɗaya gare ta, Haruna, yana yi wa wani ɗan kasuwa aiki a Kuseri. Kowa a unguwa ya san labarinsu. Bayan rasuwar mahaifinsa, Haruna ya sayar da gonar gado ba da saninta ba, ya yi jari, jarin ya nutse. Ranar da zai bar gari ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Je ka, amma ba da yawuna ba." Shekaru suka wuce ba ta ɗaukar kiransa. Yanzu ya aiko mata da waya da hotonsa a ciki, ita kuma zuciyar uwa ta fara sauka.

"Ɗan nan, an ce kai ke sa fuskar mutum a waya," in ji ta. "Sa mini ta wannan marar jin maganar."

Na sa mata. Hoton Haruna ya cika fuskar wayar, yana murmushi da hula a karkace. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya rame. Na koya mata dannawa da saki, ta tafi tana sa mini albarka.

Suka fara gaisawa. Ita takan zo wurina in wani abu ya rikice, ni kuma in saurari komai. Kusan kowane saƙon Haruna da roƙo ɗaya yake ƙarewa: "Inna, ki yafe mini." Amsarta kuma ba ta sauyawa. "Yafiya ba a waya ake yin ta ba. Ka zo ka durƙusa a gabana, in ga idonka." Shi kunya ta hana shi dawowa hannu wofi, ita kuma ta kafe. Na kuma gane cewa duk da faɗan, in ya ce yana cikin matsi takan aika masa da abin da ta tara.

Wata rana ta kawo wayar ta ce ta yi nauyi. Na ce ta bar ta ta dawo bayan la'asar. A ranar na yi abin da na yi. Na bar hoton Haruna a inda yake, amma lambar da ke bayan hoton na sauya ta da ta wani layina. Hirarsa ta gaskiya na ɓoye ta, na haɗa ta da wayata, yadda duk abin da ya aiko ni zan fara ji. Kiransa kuma na toshe. Na zama ni ne a tsakaninsu. In ya aiko murya, in tura mata daga layina, ta ji ɗanta sak. In ta amsa, in tura masa da sunanta. Su biyun ba wanda ya ga wani sauyi.

Ribar tana wurin rubutu. Lokaci lokaci sai in rubuta mata saƙo a matsayin Haruna, cewa yana bukatar taimako. Ba ta iya karatu ba, don haka wurina take kawowa. In karanta mata abin da ni na rubuta, fuskata a sake, in kuma taya ta aika kuɗin zuwa layina. Har godiya take mini. Doka ɗaya na kafa wa kaina: duk saƙonta da ya ambaci kuɗi ba ya isa Kuseri, don in Haruna ya ji zai tambaya wane kuɗi. Ta taɓa cewa tana so ta kira shi baki da baki, na ce, "Hajja, kira na cin kuɗi, kuma layin Kuseri ba kyau. Saƙon nan ya fi." Ta yarda. Me zai sa ta ƙi yarda da ɗan tela da ta sani tun yana rarrafe?

Gab da babbar salla Haruna ya kwanta rashin lafiya. Muryarsa ta sauya, yana magana yana hutawa. Ya ce ciwon ciki ne, an kai shi asibiti. Ya ce, "Inna, na san kin ce sai na zo. Ban san ko zan iya zuwa ba. Don Allah ki faɗa mini a nan." Na saurara, kuma ga abin da na fara tunani, ba zan ɓoye muku ba: wannan saƙo zai kawo kuɗi. Na tura mata shi yadda yake, na bi shi da rubutu cewa ana neman kuɗin magani.

Ta zo teburina ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta kwance bakin zane ta ba ni duk abin da ke ciki, na aika wa kaina a gabanta. Sannan ta koma gefe, ta zauna a kan wani benci, ta danna fuskar ɗanta. Ina jin ta daga inda nake, wayata kuma ta yi motsi a aljihu da ta saki.

Da ta tafi na saurara. Kuka take. "Haruna, na yafe maka. Ka sayi maganin da kuɗin nan da na aiko yanzu, kada ka bari. Na yafe maka gonar, na yafe maka komai, duniya da lahira. In kuɗin bai isa ba ka faɗa, zan sayar da tukwanen. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Haka tsofaffinmu ke magana, ba sa raba zance gida gida. Yafiyar da kuɗin a cakuɗe suke, kamar shinkafa da wake.

Ba zan iya tura shi haka ba. Amma ina da manhajar yanka murya, aikin da bai fi shan shayi ɗaukar lokaci ba. In cire maganar kuɗi, in tura masa sauran. Na ce bari layin mutane ya ragu, don jajibirin salla ne, kowa na son wayarsa ta yi sabuwar fuska. Layi ya ragu, na ce gobe. Gobe ta zo, na tafi yawon salla. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mantuwa ce, amma ƙarya nake. Tsoro nake ji kada ya samu yafiyar ya ji ƙarfin dawowa gida, asirina ya tonu, ko kuma roƙon ya ƙare, abin da nake samu ya ƙare tare da shi.

Saƙonninsa suka ci gaba da shigowa, suna gajarta. Waɗannan ban tura mata ba, don za ta gane bai ji amsarta ba. Na ƙarshen, numfashi ya fi magana yawa a cikinsa. "Inna, ko kalma ɗaya," ya ce. Wannan ya taɓa ni. Na zauna na yanka saƙonta, na gyara shi tsaf, na tura. Alama ɗaya ce ta fito a gefensa, ta cewa ya tafi. Ta biyun, ta cewa ya isa, ba ta fito ba. Na yi ta dubawa har na gaji.

Bayan 'yan kwanaki maigidan Haruna, wani dattijo ɗan kasuwar Kuseri, ya iso Garwa da jakar kayan yaron da wayarsa. Shi ya kawo labarin rasuwar Haruna. An ce da yana yi wa Hajja ta'aziyya ya kasa haɗiye abin da ke ransa. Ya ce, "Hajja, ki gafarce ni, amma yaron nan ya cika yana tambaya ko kin amsa. Me ya hana ki?" Ta ce ta amsa, ta yafe, har kuɗin magani ta aika. Ya ce shi ya biya asibiti, ba abin da ya zo. Aka ajiye wayoyin biyu gefe da gefe, aka duba lambar da ke bayan hoton. Da katin shaidata aka yi rajistar layin.

Jandarmomi suka same ni a teburina ina sa wa wata yarinya furanni a waya. Da labari ya bazu, wasu tsofaffin da na tsakuri kuɗin layinsu suka fito su ma. A kotu ban musa komai ba. Mahaifina bai zo ba. Aka ce ya rufe shagonsa ya daina zama a majalisa, kuma ina tsare ya rasu.

Ba zan ba ku dogon labarin kurkuku ba. Zafin Garwa kun san shi a waje, to ku ƙaddara shi a ɗakin da ba wurin miƙe ƙafa. Na yi ƙuraje, na yi yunwa, na sha duka a farkon zuwa da aka ji laifina, don ko a cikin ɓarayi wanda ya cuci uwa ba shi da daraja. Duk wannan da sauƙi a kan muryar Haruna da ta ƙi barin kunnena. Wani malami mai zuwa yi mana wa'azi na kai wa kukana. Ya ce abin da ke tsakanina da Allah, tuba na share shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Na ƙudurta cewa in na fita, gidan Hajja Ladi zan fara zuwa.

Na je. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, idon ya tafi gaba ɗaya, ba ta ƙara riƙe waya ba. Na yi sallama, ta gane muryata. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina kuka. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Kuɗin da ka ci na yafe, ɗan nan," in ji ta. "Don darajar ubanka. Amma ɗayan ba ni ka yi wa ba. Ni na faɗi tawa, Allah ya ji ni. Haruna ne bai ji ba. Shi za ka roƙa, yana can Kuseri."

Ta juya fuskarta wajen bango. Na tashi na fita.

Yanzu dako nake yi a tasha, wayata kuma ƙarama ce mai madannai. Na tuba, ina kuma roƙon Allah kullum. Ku da kuka iya abin da na iya, ku ji ni. Ba laifi ba ne ka ƙawata waya, ba laifi ba ne ka sauƙaƙa wa tsoho. Amma in an miƙa maka waya a buɗe, yi abin da aka sa ka a gaban mai ita, ka mayar. Kada ka leƙa, ko sau ɗaya, don ni ma da leƙe na fara. Kada ka taɓa shiga tsakanin mutum da nasa. In kuma ka riga ka cuci wani, tashi yau ka same shi tun yana iya amsa maka. Ni na makara. Wanda zan roƙa yana cikin ƙasa, kuma ya tafi yana zaton uwarsa na fushi da shi.