Gurnanin Motar da Baba Yake Ganewa

Edita, bayan sallama, ina roƙon a ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. A shekarun baya ni direba ne a Daura, ina jigilar 'yan kasuwa zuwa Kongolam da wata tsohuwar ƙaramar motata. Ban yi aure ba, ɗakin haya nake kwana, in na dawo daga hanya ko mai ce mini sannu babu. Mahaifina kaɗai ya rage mini, yana ƙauyenmu can bayan garin Babban Mutum, idanunsa kuwa sun daɗe da rufewa.

Wani zuwa Kano na ga samari suna canza wa motocinsu bututun shaƙar iska, ni ma ƙuruciya ta ɗebe ni. Aka cire na kamfani aka sa mini wani, bakinsa da filtarsa can ƙasa bayan bamba. Sai motar ta koma gurnani. Ranar Juma'a na je gida, tun ban kashe inji ba na jiyo muryar Baba daga zaure: "Ga nawa nan ya iso." Ya ce tun daga gindin tsamiyar bakin gari ya gane ni. Wallahi daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Daga nan duk Juma'a da gangan nake taka totur in na zo tsamiyar.

Da damina ta kama, bakanikena na Daura ya leƙa inji ya girgiza kai. Ya ce na mayar da hancin mota ƙasa, kuma inda take shaƙar iska nan za ta shaƙi ruwa, gara in kawo ya mayar da na kamfani. Na ce masa to, sai wani satin. Kunya ta hana ni gaya masa cewa da wannan ƙarar tsohona yake ganina.

Wata safiya, sama ta kwana tana zuba, kawuna ya bugo waya ya ce Baba ya cika, za a jira ni zuwa azahar. Na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Bayan na bar kwalta akwai wani kwari da ruwa ke ratsa hanya, bai kai gwiwa ba, a da ko ɗar ba na yi in zan wuce shi. Na faɗa da gudu. Gurnanin ya koma tari, motar ta mutu a tsakiya. Maimakon in haƙura, sai na dinga murɗa makulli ina roƙonta, har na ji wani ƙarfe ya karye a ciki. Babu sabis a waya, babu ɗan acaɓa, babu ko makiyayi. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka ni kaɗai, sannan na tattare wando na kama hanya a ƙasa.

Ina isa bakin gari na ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk taɓo. Kawu ya riƙe hannuna ya ce sun jira iya jira, hadari ya sake haɗowa, liman ya ce ba a ajiye gawa. Ya ce har aka ɗauki makara kunnuwansu na wajen tsamiya, ko za su ji motata.

Na san ajali ba ya jiran kowa, amma rashin sallatar mahaifina hannuna ne ya jawo. 'Yan'uwa direbobi, in kun canza bututun iska ku duba inda bakinsa yake, ku ɗaga shi ko ku mayar da na asali kafin damina. Ruwan da ba ku san zurfinsa ba ku tsaya ya janye, in kuwa mota ta mutu a ciki kada ku sake tayar da ita.

An gyara injin, an mayar da bututun kamfani. Har yau ina zuwa ziyarar kabarinsa ranar Juma'a. Motar tana wuce tsamiya shiru, in tsaya a ƙofar zaure, ba wanda ya san na iso.