Tulun Irin da Fasto Ishaya Ya Bar Min

Da safiyar nan labarin ya iso min. Fasto Ishaya ya rasu.

Ina zaune a ƙofar gida, ko kokon da aka kawo min ban kai baki ba, sai ga wayar 'yarsa Rifkatu. Ta ce, "Baba Alhaji, Baba ya tafi." Na ce ina kuma ya nufa cikin wannan zafin? Sai na ji ta fashe da kuka.

Hawan jinin nan ne. Ya gama addu'arsa ta safe, ya ce a ba shi ruwa ya wanke fuska, kafin a kawo har ya kishingiɗa.

Masu ganin hotona da rawani za su ce me ya haɗa Alhaji da fasto. Taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Dayi. Kakanmu Nomau Bamaguje ne, a kan addinin iyayensa ya mutu. Uwata ta auri Musulmi, uban Ishaya ya shiga coci, mu kuwa kwano ɗaya muka ci gaba da ci.

Damina ɗaya aka haife mu, kuma tun muna yara muke gardamar wane ne babba. Matan da suka san gaskiya duk sun mutu, sai ya samu sarari. Kullum sai ya ce, "Ɗan mace, gaishe da yayanka."

Shekarar da na karye a ƙafa, shi ya kira gayya, 'yan cocinsa suka nome min gona tas. Da na yi godiya ya ce ba don ni ba ne, kunyar ciyawata ce ta ishe shi a hanya.

Ran da matata ta rasu, da shi aka haƙa kabari. Da muka tsaya sallah ya koma gindin bedi ya tsaya, hula a hannu, har muka idar.

In watan azuminmu ya kama, bai taɓa shan ruwa a gabana ba. Ni kuwa in nasu ya zo, wannan na kwana arba'in da ke kai su Ista, ba na raga masa. Ranar Larabar da suke shafa toka a goshi nakan ce, "Fasto, yau kuma murhun wa ka faɗa?" Ya ce, "Murhun da kai ma za ka faɗa. Tuna maka nake yi, dukanmu ƙasa za mu koma."

To, ga maganar tulun.

Kaka Nomau yana ba mu labari cewa yana ƙaramin yaro, tun kafin zuwan Turawa, mahara suka kore su daga gida suka hau duwatsu. Ubansa bai ɗauki akuya ba, bai ɗauki tabarma ba, tulun irin dawa ya rungumo. Tun daga nan gidanmu ke da al'ada: a ware irin kaura mafi kyau, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a tulu a liƙe bakin da laka. Ba mai fasa shi sai babba a zuriya, in damina ta matso.

Da girman ya zo kan jikoki, Ishaya ya ce shi ne babba, ya ɗauke tulun. Na bar masa, don ba ni da shaida.

Sai ya haɗa abin da aikinsa. Tokar da ta rage ranar Larabar nan, ita yake zubawa cikin irin ya liƙe. Litinin ta bayan Ista kuwa, a ƙofar coci yake fasa lakar, kowa ya miƙo hannu, Kirista da Musulmi da 'yan uwanmu da ke kan tsohon addini, a ba shi ɗan abin da zai haɗa da nasa.

Ina daga bakin taga nakan ji wa'azinsa na ranar, har na haddace. Yakan ce, "Azumi zaure ne, ba ɗakin kwana ba. Wucewa ake yi ta cikinsa a fita aiki. Yesu da ya gama nasa a jeji bai gina gida can ba, cikin mutane ya dawo. Ku kun ƙi nama, kun ƙi gulma, madalla. Yanzu ina so in ga azumin nan a bakin fartanya. Wanda ya yi kuka ranar Juma'a a coci, kada in ji ya ci iyakar gonar maƙwabci ranar Talata."

Daga nan kowa ya watse, masu sharar gona su tafi, masu kai taki su ɗaura wa jaki mangala.

Sai mutanen daji suka hana mu zama. Ba sai na faɗa muku ba, kun sani. Muka kwaso abin da ya samu muka zo Funtua. Ni ina ɗakin da ɗana ya kama min, shi yana wani ɗaki kusa da layin dogo, cocinsa rumfar kwano ce a tsakar gidan wani.

Shi ma tulun ya rungumo.

Bara waccan bai fasa ba. Ya ce a jira, hanya za ta buɗe. Bara ma bai fasa ba. Duk manomi ya san iri ba ya jira har abada, ko da toka ko babu. Na sha faɗa masa, sai ya sauya magana.

Makon jiya ya zo min a Keke mai ƙafa uku, da tulun a cinya an naɗe shi da zanen matarsa. Ya rame, amma bakin na nan.

Ya ce, "Ɗan mace, karɓi ajiyar yayanka."

Na ce, "Lafiya? Ko ɓeraye sun fi ƙarfin addu'a?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan tabarma. Can ya ce, "Azumi ya kusa ƙarewa, kuma ban san abin da zan ce wa 'yan cocina ba. In ce su koma aiki, su koma ina? Mai gonar da ake kwana biyu ba a gama nome ta ba, yau dako yake yi a kasuwar hatsi. Matanmu suna wanke-wanke a gidajen mutane. Ni kuma na ce musu wannan ba aikinmu ba ne, zama ne na ɗan lokaci. Alhaji, ni na rufe su a zauren nan. Tun ran da muka baro gida ban sake su daga azumi ba."

Na ce, "To fasa mana."

Ya ce, "In yana ɗakina ba zan iya ba. Ina ɗora hannu sai in ji kamar na ce ba za mu koma ba. Kai ka kawo min shi ranar Litinin gaban mutane. Ka tsaya a kaina da bakin nan naka har sai na fasa."

Na ce, "A shuka a ina? A kan kwalta?"

Ya ce, "Ka manta ƙarshen labarin Kaka? A tsagar dutse suka shuka. Da sun jira saukowa, da ba mu gaji ko ƙwaya ba. A sa a bayan ɗaki, a sa a gefen layin dogo, a cika buhun siminti da ƙasa. Ba don a ci ba, don irin ya ga damina. Ɗan dako ma zan ce masa dakonsa aiki ne, ya yi shi da gaskiya har Allah ya buɗe hanya."

Da zai hau Keke ya juyo ya ce, "Kada ka buɗe ka yi fate da shi, na san halinka."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ista Lahadin nan ce. Tulun yana nan ƙarƙashin gadona, ban san ko abin da ke ciki yana da rai ba. Tun safe nake leƙa shi.

Na faɗa wa Rifkatu ta sanar da mutanensu. Ranar Litinin zan zo ƙofar rumfar da rawanina. Wa'azi ba nawa ba ne, amma na san abin da yake so a ce, kuma fasa laka ba ya buƙatar karatu. Duk wanda ya fito daga ƙauyenmu ya zo ya miƙo hannu.

Ishaya, gardama ta ƙare. Yau ni ne babba, kuma wallahi ban so na ci ta haka ba.

Allah ya ba Rifkatu da mahaifiyarta da jama'arsa haƙuri. Allah ya saka masa da alherin da ya yi mana. Allah ya buɗe mana hanyar gida.

Ku da kuka karanta, kowa ya taya mu addu'a yadda ya iya. In kun gama yi wa iyalinsa, ku ƙara da guda ɗaya: Allah ya sa irin nan ya tsiro.