Farin Tabo a Kafaɗata

Ko zan manta komai na zamanmu a Ƙofar Ran, ba zan manta safiyar da hannun Inna ya tsaya cak tana tsakar yi mini kitso ba. Saura shekara guda a samu mulkin kai, na dawo hutu daga makarantar 'yan mata. Na ji yatsanta yana zagaya wani wuri a kafaɗata, sai ta yi shiru. Innar da ba ta iya kitso babu hira. Wani farin tabo ta gani.

A wancan zamani ba a ambaton kuturta a cikin gida, sai dai ka ga an ware maka kwano. Da yamma na tarar da nawa a gefe. Na san in ta tabbata, karatu ya ƙare, sai zaman ƙauyen kutare.

Baba ya kai ni asibiti a ƙafa, yana gaba ina binsa. Likitan Bature ne. Ya sa na rufe ido, ya riƙa shafa auduga a wurin yana tambaya ko ina ji. Ina ji, amma tsoro ya hana ni yarda da jikina. Ya kankare fatar kaɗan, ya ce mu dawo bayan mako. A makon nan duk wanda ya leƙo sai ya ce wataƙila ba komai, ya tsaya daga nesa.

Ranar da muka koma, likita ya dube ni ya ce, "Definitely not." Kyasfi ne kawai. Tafinta, dattijon da bai saba yanke magana ba, ya sassauta ta yadda muke yi, ya ce wa Baba likita yana ganin kamar ba ita ba ce. Fuskar Baba ba ta saki ba.

Ban taɓa gyara wa babba magana ba sai ranar. Na ce, "Baba, ba kamar ba ne. Kalmar nan Turawa ba sa faɗinta sai magana ta ƙare, ba shakka, ba komawa."

Ya dube ni ya ce, "Tabbas na Allah ne, 'yar nan. Amma ki ce masa mun gode."

Har yau in na tuna gabana kan faɗi, ko da yake ina kewar mutanen nan da taushin bakinsu. Abin da na koya shi ne, in kana da tabbaci, ka miƙa wa mai tsoro shi cikakke, kada kunya ta sa ka rage masa.