Gonar Tsohon Kudus

Jiya jikata ta zauna kusa da ni tana ɓare lemo, ƙanshin ɓawon ya bugi hancina, sai na ji tuwon da ke gabana ya fita raina. Kada ka yi mini dariya. Akwai tsohon da ba na jin wannan ƙanshi ban tuna shi ba, kuma tuna shi bai taɓa zuwa mini da daɗi ba.

Ƙanin kakanmu ne. Tun yana saurayi ya bar ƙauyenmu, can gefen Mai'adua, ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. Ya sauke farali, ya wuce Kudus ziyara, daga nan labarinsa ya yanke. Kakanmu ya jira har ya gaji, ya yi masa sadaka, daga baya shi ma ya rasu. Mu da muka taso ba mu ma san an yi shi ba. Abin da muka sani shi ne gonar gabas da gari, wadda Baba ya gada. Daga ita muke ci. Baba ya haƙa rijiya a kwarinta, ya dasa mangwaro, yayyena suna noman albasa da rani.

Wata bazara, ana sharar gona, motar kasuwa ta sauke wani ramammen tsoho da wani farin matashi mai laushin gashi. Iya, kakarmu, ta leƙo zaure, ta ƙura wa tsohon ido, ta zauna daɓas a ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Mun yi maka arba'in fa!" in ji ta.

Matashin ɗansa ne, ko "zo" bai sani ba da Hausa. Baba ya yanka akuya, ya share musu ɗakin kusa da zaure. Gari ya yi ta zuwa ganin wanda ya dawo daga lahira, mu kuwa muka laƙaba masa Tsohon Kudus.

Ranar kasuwa yakan sayi lemo, ya ɓare shi a hankali, ya shaƙi ɓawon, ya miƙa mana 'ya'yan. Wai wannan ba lemo ba ne, lemo yana can lambun da ya yi wa wani Balarabe gadi a bakin teku. Da la'asar manya kan kewaye shi su tambayi abin da ya haɗa mutanen can faɗa. Ba ya ɗaga murya.

"Na tarar Turkawa sun tafi, Ingilishi ke riƙe da ƙasar," in ji shi. "Su dai waɗannan da suka zo nan su da Faransa suka ja layi, suka bar rabin danginmu a Nijar. Ƙasa ɗaya suka yi wa mutum biyu alkawarinta. Yahudawa suka yi ta sauka daga jirgin ruwa, wasu sun tsero daga kisan da aka yi musu a Turai. Akwai ɗaya da muke raba ruwan ban-ruwa da shi, bai da kowa, an ƙarar da danginsa kaf. Shi yana cewa daga nan aka kori kakanninsa tun zamanin da. Maigidana yana cewa kakansa ne ya dasa itatuwan nan da hannunsa. Na saurari kowa, ban iya ƙaryata ko ɗaya ba."

Da Ingilishi suka ga wutar ta kama, suka tattara nasu suka yi gaba. Yaƙi ya tashi tsohon daga lambun, ya zauna cikin tanti da matarsa Balarabiya, a nan suka haifi 'ya'ya. Wani yaƙin ya sake tashinsu. Wajen tsallake kogi matar ta mutu, 'ya'yansa mata biyu suka ɓace cikin turmutsutsu. Yaron nan kaɗai ya rage masa. In ya zo nan a labarin sai ya tashi wai zai yi alwala.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙasa na ƙamshi, kowa na neman sungumi, tsohon ya kira Baba ya ce, "Gobe ka nuna mini iyakar gonata."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Tsohon ya ce gonar gabas rabonsa ce, aro ya bar wa yayansa ranar da zai tafi. A wurinmu kuwa kowa ya san mai aron gona ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, don yin haka cewa ne ƙasar tasa ce.

"Baffa, ni gado na ci," in ji Baba. "Tun ina yaro nake zuba mata taki. In na bar ta, me waɗannan za su ci?"

"Ni kuma ina zan kai wannan?" Tsohon ya nuna ɗansa.

Magana ta kai gaban dagaci. Shaidun aron duk sun mutu, sai Iya. Aka shimfiɗa mata tabarma a bayan zana. Ga ɗanta da ta haifa a gefe, ga mu jikokinta a tsugune. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kabari nake fuskanta. Aro ne. Ina tsaye da tulu a ka aka faɗa."

Dagaci ya yanke: ƙasa ta tsoho, rijiya da itatuwa na Baba. Jama'a suka yi ta yabon hikima. Kai, wannan hikima ita ta ci gidanmu! Ba ka isa rijiya sai ka taka geronsu. Geronsu ba ya tashi a inuwar mangwaronmu. Matashin ya sare rassa, babban yayana ya karya masa hannu da ƙotar fartanya. Bayan 'yan kwanaki aka tarar an sassaƙe ɓawon itatuwan zagaye, duk suka bushe a tsaye. Daga baya aka tsamo mushen kare a rijiya. Har yau ba wanda ya ce shi ne. Aka ja danga a tsakar gida, tukunya ta rabu biyu.

A damunar nan Baba ya koma ƙodago a gonakin mutane, mutumin da a da shi ke ɗaukar 'yan ƙodago. Mun ci tafasa da rama har muka tsane su. Baba bai fasa gaida Iya kullum safe ba, amma daga bakin ƙofa, bai ƙara zama a tabarmarta ba har ta bar duniya. Wannan ya fi yunwar yi mini ciwo.

Sau ɗaya na ji tsohon ta bayan danga yana ce wa Iya, "Matar yaya, can na tsine wa wanda ya zo mini da tsohuwar hujja. Yau ga ni da ita a hannu." Iya ta ce masa ya sha kununsa kafin ya huce.

Tsohon bai ci gonar da yawa ba, kaka ta biyu ya rasu. Ɗan ya rage shi kaɗai, hannu a karkace, ba mai yi masa magana sai yara masu kwaikwayon harshensa. Wata safiya ya ɗaure kayansa, zai koma neman 'yan uwansa mata. An taya gonar, ya ƙi sayarwa. Ya durƙusa gaban Baba, mutumin da ɗansa ya karya shi, ya haɗa 'yar Hausar da ya koya ya ce, "A riƙe mini."

Baba ya riƙe har ya mutu. Yanzu ni ke riƙe. Gari ya matso, masu yanka fuloti sun zo sun fi a ƙirga, babban ɗana yana ganin tsufa ne ya taɓa mini kai. Na ce ba a sayarwa, kuma ko zogale ba a dasa mini a ciki. Jikokina daga ita suke ci, kamar yadda muka ci.

In ana gardama a majalisa kan wanda ya fara zama a can ƙasar Kudus, kowa da jijiyar wuya a tashe, ni shiru nake yi. In na koma gida nakan karɓi wayar jikata in kalli gidajen da aka rusa, ina bin fuskokin tsofaffin da ake zaƙulowa, ina duba hannuwansu. Ɗan tsohon nan baffana ne, jinina ne, kullum bayan sallah ina roƙon Allah ya sa yana raye, shi da 'ya'yansa. Amma wallahi, duk ranar da baƙuwar murya ta yi sallama a ƙofar gidana, gabana sai ya faɗi.