Shekarar da Sanyin Jidda Ya Ƙi Tafiya

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na yi gadi a wani gida a Abhur, gefen Jidda, can bakin teku. Ku 'yan boko ku gyara zama, yau darasin kimiyya zan ba ku, ni da na tsaya a aji huɗu don kada ilimin ya yi mini yawa.

Gidan ƙato ne, amma ba kowa a ciki. Masu shi suna cikin gari, sai an yi hutu suke leƙowa. Aikina tsaron ƙofar da ba mai shiga, da ba shuke-shuke ruwa. Sai in yi kwana uku bakina bai furta komai ba in ban da sallamar masallaci. Akwai wata mage da nake ba labarin garinmu, ita ma da ta ga kullum labarin ɗaya ne sai ta koma maƙwabta.

Ana nan sai kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kawo mahaifinsa. Tsoho ne tukuf, a keken marasa lafiya, matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba, an ce iskar teku za ta yi masa amfani. Mutumin kan duwatsu ne, can gaba da Ɗa'ifa, inda ake sanyi na gaske. Ya kafe shi ba zai zauna ba sai an ɗauko masa murhun ɗakinsa na ƙauye. Aka kuwa ɗauko. Akwati ne na baƙin ƙarfe mai ƙafa huɗu, da 'yar ƙofa a gaba, da dogon bututu wanda aka huda rufin falo aka fitar da shi sama. Murhun jin ɗumi, a Jidda! Garin da sanyinsa duka-duka mako uku ne, shi ma sai ka nutsu sosai kafin ka ji shi.

Mai jinyar da aka ɗaukar wa tsohon ya ce shi ba hura wuta aka kawo shi yi ba. Sai kafili ya kira ni.

"Ya Hajji, ka iya wuta?"

Na ce, "Ni? A gefen wuta aka haife ni."

Haka na samu shiga falon da shekara biyu ina ganinsa ta taga kawai. Kullum bayan la'asar in rungumo itace in shiga, tsoho yana zaune yana ba da umarni da sanda.

"Ƙanana tukuna, ya Hajji! Wuta za ka hura ko gini za ka yi? Bar ƙofar a buɗe sai ta kama. Yalla, yanzu sa babban."

In ta kama sai mu ɗora butar shayi a kai. Shi ya yi ta zuba da Larabcin duwatsu, wanda ba ko rabinsa nake ganewa ba, ni kuma in nawa Larabcin na kasuwa ya ƙare sai in ci gaba da Hausa. Ba wanda ya taɓa cewa a maimaita. Tun da safe nake fara duba rana, ina jiran la'asar kamar mai azumi.

Wata rana na hau rufi duba tankin ruwa, lokacin wutar tana ci. Na kai hannu bakin bututun nan, na ji zafi yana fita kamar a gidan burodi. Nan take kimiyya ta motsa mini. Mu a gida in sanyi ya matsa, garwashi muke zubawa a kasko mu shiga da shi ɗaki, mu ja ƙofa, mu cusa tsumma a ƙasanta. Ba mahaukacin da zai huda rufi ya ba zafi hanya. Na ce ashe Larabawan nan tsuntsaye suke ɗumamawa da itacensu. Washegari da hantsi na samo tsohon buhu, na jiƙa shi, na cusa a bakin bututun har ya zauna daram. Ban gaya wa kowa ba. So nake tsoho ya ji ɗumi ya ninku, ya tambaya, in sunkuyar da kai in ce ai ɗan abin da Allah ya hore ne.

La'asar ta yi, na hura. Wutar tana ci a kasalance, na ce sabon tsari ne, za ta saba. Na ja ƙofar falo na tafi ɗakina ɗauko na'ana'a. Da na dawo, hayaƙi ne ke fitowa ta ƙasan ƙofa. Na banka ciki, ko murhun ba na gani. Tarin tsoho na bi na laluɓo kekensa, na turo shi tsakar gida, idanunsa jajir, hawaye har gemu. Mai jinya ya fito daga inda yake hutawa, ya kira kafili a waya.

Kafin magariba ya iso. Ya hau rufi da kansa, ya sauko riƙe da baƙin buhuna da yatsu biyu.

"Wa ya yi wannan?" Bai ma jira amsa ba. "Halas. Gobe a cire murhun nan. Abuya, kai kuma ka dawo gari wurina."

Wallahi ba iƙamata, takardar zaman ƙasa, na tuna ba, ba kuma aikin ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gobe la'asar za ta yi, in zauna a bakin ƙofa ina kallon bango.

Na buɗe baki zan amsa laifina, sai tsoho ya riga ni, muryarsa a shaƙe. "Ni na sa shi."

"Kai, abuya? Kai da ka tsufa kana hura murhun nan?"

"To na ruɗe. An hana tsoho ruɗewa ne?"

Kafili ya dube shi, ya dube ni. Ya san ƙarya ce, amma ba ya ƙaryata ubansa a gaban mai gadi. Ya ce, "Zuwa ƙarshen sanyi. Ranar da sanyi ya tafi, murhu ya tafi, kai ma ka taho gida."

Motarsa tana fita tsoho ya yafito ni. Na matso ina tsammanin addu'a, sai na ji sanda a ƙwaurina.

"Bututun nan hancinta ne, ya Hajji! Zo in toshe naka mu ga ko za ka yi ɗumi."

Na ba shi labarin kaskonmu na gida don in kare kaina. Ya ce wannan ma kisa yake yi, waɗanda suka tashi da ciwon kai kawai su ne masu sauran kwana. Sai na tuna mun sha tashi da shi.

Kwana goma bayan nan sanyi ya tattara ya tafi. Na shiga da la'asar hannu rabbana, ban ɗauko itace ba. Tsoho ya nuna mini na'urorin sanyaya ɗaki da sanda, mukayyif biyu ne a falon.

"Daga gobe ka kunna su tun azahar. Ka kai su ƙarshe."

Haka muka ƙera namu sanyin. Kafin la'asar falo ya zama firji, sai mu hura wuta mu ji ɗumi. Ranar Juma'a in kafili zai zo, tsoho ya sa a yafa masa rigarsa ta gashin tumaki, ya dinga makyarkyata da kyau. Ni ma nakan taimaka da ɗan tari.

Wata Juma'a kafili ya zo da wuri. Ya same ni da itace a hammata ɗaya, ɗaya hannun ina ƙara wa mukayyif ƙarfi. A waje kuwa rana ce wadda in ka taka kwalta sai takalminka ya manne. Ga ubansa cikin gashin tumaki, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ga kofunan shayi biyu a gefen murhu. Ya daɗe yana kallon kofunan nan.

"Abuya, sanyin bana yaushe zai ƙare?"

"Tambayi Hajji. Shi ne masanin bututu."

Na gyara tsayuwa na ce, "A binciken da na yi, bana da sauransa."

Bai yi dariya ba. Ya gaida ubansa, ya ɗan zauna, ya fita. Na bi shi in buɗe masa ƙofa. Sai da ya shiga mota ya sauke gilashi.

"Tun rasuwar ummi bai yi wa kowa magana mai tsawo ba. Me yake ce maka?"

Na ce, "Wallahi rabi ban gane ba."

Ya ɗora hannunsa a kan sitiyari. Can ya ce, "Itacen ya kusa ƙarewa ko? Zan aiko."

Tsoho bai bar gidan nan ba sai da aka fita da shi asibiti, bayan sanyi biyu na gaske da namu na ƙarya. Daga can bai dawo ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa ƙaryar da ya yi domina.

Da sanyi ya zagayo na shiga falon sau ɗaya na hura. Ta kama tas, ko ɗigon hayaƙi babu. Na zauna ina jira a ce na yi ba daidai ba. Ban iya kaiwa magariba ba, na bar ta ta mutu, na koma ɗakina na bakin ƙofa.

Yanzu ina unguwar Mahjar a cikin gari, mu huɗu a ɗaki, hayaniya har ta ishe ni, amma duk cikinsu ba mai ɗaga mini murya, wai girmamawa. Saboda haka ga sakamakon bincikena, ku rubuta: in kana da wanda ke yi maka faɗa kullum, kada ka gyara halinka gaba ɗaya. Ka dinga rage masa ɗan abin da zai yi magana a kai.