Bencin da ke Ƙofar Shagon Alhaji a Tarauni

Ana idar da sallar asuba muka bar Wudil, ni da wata abokiyar aikina. Motar haya ce, mutum huɗu a baya, da wata tsohuwa mai kwandon albasa a kan cinyata. Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na baya, direba bai ba da dalili ba, ba wanda ya tambaya. Hanya lafiya lau har Hotoro, inda cunkoso ya riƙe mu.

Bari in faɗi aikina don ku gane. Wani ƙaramin kamfani ne ke da manhajar AI da ke yi wa masu shaguna saye da sayarwa. Mu dillali muke ce masa. Ba ya gani, ba ya ji. Abin da aka rubuta masa game da kowane aiki, shi kaɗai ya sani. Ni kuwa ina karanta waɗannan bayanan a wayata daga gida, in duba ko sun fito sarai, in ba su maki. Akwai wani bayani da ya ce: "Yana aika ɗan sahu ya ɗauko kayan da aka saya." Gajere, ba kwana-kwana. Cikakken maki na ba shi.

An kira mu ofishin kamfanin ne mu ga yadda abin ke gudana a zahiri. Ofishin yana Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran waya. Mun karya da ƙosai da koko a bakin titi, kokon ya sha ruwa har ina ganin gindin kofin. Wajen ƙarfe ɗaya dillali ya sayi buhun shinkafa biyu a hannun wani Alhaji a kasuwar Tarauni, ya kira ɗan sahu. Aka ce in bi ɗan sahun a adaidaita sahunsa in gani. Magidanci ne, kwanan nan ya shigo birni, hoton 'ya'yansa uku manne a jikin gilashi.

Ana kiran azahar muka isa. Layin ya yi tsit. Shagon a buɗe, ba kowa ciki, an gitta benci a ƙofa. Kowa ya san ma'anar wannan: mai shago yana masallaci, maƙwabci ne ke tsaro, ba a taɓa komai. Ni ma na sani. Sai wayar ɗan sahun ta yi ƙara: kaya a shirye suke, ɗauka. Ya dubi bencin, ya dube ni.

"Malama, in jira?"

Na dubi tawa wayar, ita ma haka ta ce. Na gyaɗa masa kai ya ɗauka.

Ya tsallake bencin, ya saɓo buhu. Maƙwabciyar shagon, wata 'yar kudu mai sayar da robobi wadda ake bar wa amana lokacin salla, ta ƙwalla ihu: "Ɓarawo!"

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin in sauko daga sahun an cakumi wuyan rigarsa, buhun ya faɗi ya fashe. Na ga wani da katako.

"Wallahi waya ce ta ce in ɗauka!"

"To wayar ta zo ta ƙwace ka, shege!"

Na ɗaga wayata sama ina magana, ni kaina ba na jin muryata. An mare shi sau biyu a gabana. Wani ya fara tambayar ina za a samu taya.

Sai ga Alhaji da carbi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. "Ku sake shi! Ni na sayar!" Sai da ya faɗa sau uku kafin hannuwa su saki. Madam mai robobin ta zauna a kan bencin tana haki. Ban ga laifinta ba, amanar da aka ba ta ta riƙe.

Alhaji ya juyo gare ni. "'Yata, shi wannan dillalin naku ba ya salla ne?"

Wasu suka yi dariya. Ɗan sahun bai yi ba. Ya durƙusa yana tattara shinkafa daga ƙasa, leɓensa na jini. Da muka koma Gyaɗi-Gyaɗi na ba shi haƙuri, kai kawai ya kaɗa.

A ofis aka ce dillali bai yi kuskure ba, abin da aka rubuta masa ya bi. Gaskiya ne.

Da la'asar muka kamo hanya. Abokiyar tafiyata ta sayi rake a Hotoro, ban iya sha ba.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Ina duba bayani ne in ga ko ya yi daɗin karatu, ban taɓa tambayar me zai faru da mutumin da za a aika ba. Da na isa gida na soke makin, na ƙara layi biyu: kada a ce ɗauka sai mai shago ya miƙa kayan da hannunsa, in an ga benci a ƙofa, a jira.

Dillali bai san benci ba, shi ya sa na rubuta masa. Ni na sani, kuma na gyaɗa kai.