Garin Da Ake Ɗaukar Kowa

Ni mutum ne mai yawan shakka, ko ƙofa na kulle sai na dawo na sake taɓa ta. Amma akwai abu ɗaya da nake faɗa ba tare da na ce "watakila" ba: ranar da na tura Babana a keken marasa lafiya cikin Bundukiyya ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

Bundukiyya ita ce birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, wanda Turawa ke kira Venice. Na fara zuwanta ne bayan na gama jami'a, lokacin da aka tura mu wani ɗan kwas a ƙasar. Na je da bazara, rana tsaka, ina jan akwati. Ko'ina na juya gada, kowace gada kuma matakala. Na ɓace a lunguna, ruwan yana wari, cunkoso kuwa har ni da na tashi a unguwar Jarwal ta Makka, kusa da Harami, sai da ya ishe ni. Jirgin ruwan da na shiga ya juya min ciki. Na dawo Makka na yi shekaru ina kushe garin, har abin ya zama tsokana a gidanmu. In famfo ya fashe, sai Umma ta ce, "To, ga garinka ya biyo ka."

Babana kuwa aikinsa tun yana saurayi shi ne tura alhazai marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa, a keken da muke kira arabiyya. Da ƙarfin kafaɗarsa na yi karatu. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Bakinsa ya dawo, ƙafa ta ƙi. Muka sayo masa arabiyya, ya sa aka jingine ta a bayan ƙofa. Ya daina fita, ko da Juma'a. Likita ya gaya min a fili cewa zaman ɗaki zai gama da shi kafin ciwon.

Wata rana na ce, "Baba, ko Harami ne mu je da hantsi, lokacin da mutane suka ragu."

"A tura ni a gaban yaran da na koya wa turi? Khalas, ya waladi, bar maganar."

"To Madina fa? Ko Ɗa'if?"

"Can ma an san ni." Ya yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. "In dai sai ka tura ni, kai ni garin nan da ka tsana. Can ba wanda ya san ni."

Ina jin ya faɗa ne don ya tabbata ba zan yarda ba. Ni ma haka na zata. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Tayyib, na yarda."

Watannin da suka biyo baya ban huta ba. Na dami likita da tambayoyi har ya ce in bar shi ya duba wasu. Na yi ta bincike, na gano cewa jiragen haya na garin suna ɗaukar keke, kuma akwai unguwannin da ake zagawa ba tare da an hau gada ba. Na zaɓi lokacin da zafi ya sauka. Duk da haka zuciyata ba ta daina nuna min keken yana gangarawa cikin ruwa ba.

A filin jirgi Baba ya yarda na tura shi, amma ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuska kamar mai zaman makoki. Haka muka isa.

Da safe muka tsaya a tashar jirgin ruwa, wadda ita kanta a kan ruwa take, tana rangaji. Jirgi ya iso, sai na ga ɗan giɓi tsakaninsa da inda muke. Na ƙara riƙe keken. Na tura, tayar gaba ta maƙale, na kasa gaba na kasa baya. Sai ma'aikacin jirgin, wani mai furfura da kaurin damtse, ya zo ya taka bayan keken, ya ɗan kwantar da shi, ya shigar da Baba cikin sauƙi. Baba ya ɗan sauke rawani ya bi shi da kallo.

"Wannan ya iya," ya ce. "Ka ga bai girgiza ni ba?"

Muka kama babban mashigin ruwan. Ni ina riƙe da keke hannu bibbiyu, shi yana kallo. Wani kwale-kwale ya wuce da kayan miya, wani da injin wanki a ɗaure.

"Wancan fa?"

"Shara ce, Baba."

"Shara ma jirgi gare ta?"

Can sai ga jirgin asibiti yana jiniya, a bayansa na 'yan sanda. Kusa da mu akwai wani dattijo cikin kwat mai tsada, ya riƙe ƙarfe yana rangaji kamar kowa.

"Wannan mai kwat ɗin, ina motarsa?"

"Ba mota a nan."

"Ko shugaban garin?"

"Ina jin ko shi."

Baba ya sake duban dattijon. Sannan ya sa hannunsa mai lafiya ya janye rawanin gaba ɗaya daga fuskarsa. "Ashe garin nan kowa ɗaukarsa ake yi," ya ce. "Mai lafiya da mara lafiya."

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Duk hanyar da na tsara mara gada ce, amma da muka sauka ya hango wata gada ya ce shi sai ya hau. Na ce watakila ba daidai ba ne, matakala ce, likita bai ce komai a kan gada ba. Ya ce, "Likita bai ce kar a hau ba. Yalla, mu je." Wani ɗan dako da ke wucewa ya ajiye amalankensa, wani baƙo ya miƙa wa matarsa jaka, suka kama keken. Baba ya koma shugaban aiki, yana ba da umarni da Hausa da Larabci: "Da baya za ku hau! Shwayya-shwayya, a hankali! Kai na dama, ɗaga!" Ba mai jin harshensa, kuma duk suka bi, suna dariya.

A saman gadar na fara ganin garin da gaske. Shanya a tsakanin tagogi, tsohuwa tana zuro kwando da igiya, hasken ruwa yana wasa a bangon gidaje.

"Wannan ne garin da ka ce yana wari?"

"Ranar yana yi, Baba."

"Ranar kai ne ka zo kana jan akwati kana huci."

Juma'ar farko bayan dawowarmu ina ɗaki na ji muryarsa: "Fito da arabiyya." Umma ta juya baya tana share ido. A ƙofar Harami tsofaffin abokan aikinsa suka taso da gudu, kowa yana cewa shi zai tura, har suka fara gardama. Baba ya ɗaga hannu, fuska a buɗe.

"Ɗana ne zai tura. Bai gama iyawa ba, amma yana koyo."

Abin da na koya shi ne kada in yanke wa gari hukunci da ranar da ni ne na je masa a gajiye. Garin da na yi shekaru ina kushewa shi ya fito min da Babana daga ɗaki. Kuma ya koya mana mu biyu cewa wanda ya ɗauki mutane duk rayuwarsa, ba abin kunya ba ne in ranarsa ta zo a ɗauke shi.